Yadda Ake Zama Mai Ba da Ɓargo ga Mai Fama da Sankarar Jini

Duk wanda ya taɓa tsotsar ƙashin miya ya san ɓargo, amma wancan mai maiƙo da ke cikin ƙashin ƙafar saniya yawancinsa kitse ne. Ɓargon da ake magana a kansa a asibiti ja ne, kuma a jikin baligi yana zaune ne a ƙashin ƙugu da na ƙirji da haƙarƙari da ƙasusuwan baya. A nan jini yake samuwa. Akwai wasu ƙwayoyi a cikinsa da za mu kira iyayen jini, domin su ne suke haifar jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da farare masu yaƙi da cuta, da kuma ƙananan da suke sa jini ya daskare idan an yanke. Sankarar jini takan fara ne lokacin da wasu daga cikin fararen suka lalace, suka riƙa hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har suka cika ɓargon, suka hana lafiyayyun wuri. Shi ya sa mai ita yake ɗashewa, zazzaɓi ya ƙi barinsa, dasashinsa ya riƙa zubar da jini.

Ba kowane mai wannan ciwo ne yake buƙatar dashen ɓargo ba. Yara da yawa suna warkewa da magungunan kashe ƙwayoyin sankara da ake kira kemoterafi kaɗai, kuma akwai nau'in da ake riƙe shi shekara da shekaru da ƙwaya mai suna imatinib. Amma idan ciwon mai tsanani ne, ko ya tafi ya dawo, likita yakan ce sai an kashe ɓargon mara lafiyan an dasa masa na wani. Wani likitan Amurka, E. Donnall Thomas, shi ne ya share fagen wannan aiki tun daga shekarun 1950, kuma ya sami kyautar Nobel a kansa a 1990. Abin da har yau kimiyya ba ta iya ƙerawa ba shi ne ɓargon kansa. Dole sai wani mutum mai rai ya yarda ya bayar.

Matakin farko: gane wanda zai dace da wa

Na ga wannan da idona a unguwarmu a Katsina. Wani saurayi ɗan maƙwabcinmu ya kwanta, aka yi ta maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifod, sai daga baya gwaji ya nuna sankarar jini ce. Da aka ce ana neman ɗan'uwan da zai ba shi ɓargo, mahaifinsa ya tara 'ya'yansa a zaure, su goma sha ɗaya, yana ganin ai an gama. Da suka je gaban likita, tambayar farko da ya yi ita ce: “Alhaji, su wane ne ɗakinsu ɗaya da shi?” Sai aka ga mutum biyu ne kacal, yayarsa da wani ƙanensa.

Dalilin tambayar shi ne, dacewar ɓargo ba ta bin rukunin jini irin su A da B da O. Tana bin wasu alamomi ne da ke jikin ƙwayoyin halitta, waɗanda likitoci suke kira HLA, kuma da su ne garkuwar jiki take bambance nata da baƙo. Kowane mutum yakan gaji rabin waɗannan alamomi daga uwa, rabi daga uba. Saboda haka shaƙiƙai, uwa ɗaya uba ɗaya, kowannensu yana da damar 1 cikin 4 ta dacewa da mara lafiya ɗari bisa ɗari. 'Yan uba kuwa iyakarsu galibi su dace da rabi, haka ma uwa da uba da 'ya'yan cikinsa. A gidajenmu da ake da ɗakuna biyu zuwa huɗu, wannan bayani yana da muhimmanci ƙwarai, domin kada a ce wani ɗaki ya ƙi taimakawa alhali halitta ce ta raba. Sai dai akwai wani alheri a auren zumunci a wannan fanni: idan iyaye dangin juna ne, akan iya samun cikakkiyar dacewa a wajen ɗan kawu ko 'yar gwaggo, don haka ya kamata a zayyana wa likita yadda zumuncin gidan ya sarƙe, ba tare da jin nauyi ba.

Ƙididdigar da aka saba bayarwa ita ce kusan kashi 30 cikin 100 na marasa lafiya ne suke samun mai cikakkiyar dacewa a gida. Sauran sai dai a yi musu da mai rabin dacewa, hanyar da ta samu ci gaba sosai a 'yan shekarun nan, ko kuma a nemo baƙo daga kundin masu bayarwa, wato jerin mutanen da suka yi rajistar ba da ɓargo.

Mataki na biyu: duba lafiyar kanka da gaskiya

Kafin ka ce ka yarda, ka zauna ka yi wa kanka hisabi. An fi son matashi mai ƙoshin lafiya, domin ɓargon matasa ya fi kamawa. Kundin Anthony Nolan da ke Ingila, alal misali, yana karɓar sababbin masu rajista ne daga shekara 16 zuwa 30. Idan ɗan'uwanka na jini ne yake buƙata, ana sassauta iyakar shekaru, har ma yaro yakan ba yayansa da amincewar iyaye.

Mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau ba ya bayarwa, haka mai sankara, da mai ciwon zuciya mai tsanani, da mai sikila. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a ƙasarmu, kuma mutane da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba, don haka yana da kyau ka yi gwajinsa tun da wuri. Kundin masu bayarwa ba ya karɓar mai shi, a tsakanin dangi kuwa likita ne yake yanke hukunci. Wanda yake AS kada ya cire kansa, domin wannan kaɗai ba ya hana shi bayarwa, amma wajibi ne ya faɗa, saboda yana iya shafar hanyar da za a zaɓa a ɗibi ɓargon. Mace mai juna biyu sai ta haihu ta murmure. Kuma duk abin da kake sha, na asibiti ne ko jiƙo ko gari na gargajiya, ka ambata shi. Ɓoye irin wannan bayani don kunya ko don ɗokin taimakawa yana iya cutar da mutumin da ba shi da garkuwar jiki ko kaɗan.

Mataki na uku: gwaji da rajista

Idan mara lafiyan na gida ne, asibitin da zai yi dashen ne yake tsara gwajin HLA. Akan ɗauki jini kaɗan, ko a goga wani ɗan tsinke mai auduga a cikin kumatu, a aika ɗakin bincike, sakamako ya fito bayan kwanaki ko makonni. Ƙofar shiga ga mutumin Katsina ko Daura ita ce sashen kula da cututtukan jini na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Su ne suke tabbatar da ciwon, su kuma tura mutum inda ake dashe. A Nijeriya, an yi dashen farko da ya yi nasara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, a ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye, kuma wani yaro mai sikila aka yi wa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya fara nasa a 2024 tare da Gidauniyar Sikila ta Nijeriya. Iyalai da dama har yanzu Indiya suke nufa, wanda ke nufin mai bayarwa yana buƙatar fasfo da shirin barin gida na wasu makonni.

Idan kuwa ba ka da mara lafiya, kana dai so ka ajiye sunanka saboda Allah, to maganar kundi ce. Kundin farko a duniya wata uwa ce mai suna Shirley Nolan ta kafa shi a Ingila a 1974, tana neman wanda zai dace da ɗanta Anthony. Yaron ya rasu a 1979 ba a samu ba, amma kundin ya rayu, wasu ƙasashe suka bi sahu, har yau ana da mutane fiye da miliyan 40 a kundayen duniya da suke haɗe da juna. Namu na Nijeriya an buɗe shi a 2012 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu, da ƙoƙarin Seun Adebiyi, wani lauya ɗan asalin ƙasar nan da shi kansa ya yi fama da sankarar jini a Amurka. Ka nemi likitocin sashen jini su haɗa ka da shi. 'Ya'yanmu da suke karatu ko aiki a Ingila ko Jamus ko Amurka suna iya shiga kundin ƙasar da suke zaune, kuma galibi ta gidan waya ake aiko da tsinken audugar.

A nan ne abin ya fi taɓa ni. Alamomin HLA gado ne, saboda haka wanda zai dace da Bahaushe ko Bafulatani ya fi yiwuwa ya fito daga cikin Hausawa da Fulani. Ƙari a kan haka, mutanen Afirka sun fi kowa yawan bambancin waɗannan alamomi, ga shi kuma su ne ƙalilan a cikin kundaye. Alkaluman da kundin Amurka ya daɗe yana fitarwa sun nuna cewa Bature yana da damar kashi 79 cikin 100 ta samun wanda ya dace da shi, baƙar fata kuwa kashi 29. Idan yaro ɗan Mani ko Sandamu ya rasa dacewa a ɗakinsu, aka shiga kwamfuta ana nema, miliyoyin Jamusawa da ke ciki da wuya su amfane shi. Mu ne ake nema a ciki, kuma mu ne ba mu shiga ba.

Wajen cike takarda, ka kula da lambar waya. Mu mutane ne masu yawan sauya layi, kuma kira yana iya zuwa bayan shekara biyar ko goma, ko kuma ya ƙi zuwa har abada, domin yawancin masu rajista ba a taɓa kiransu. Ka ba da lambar da ka daɗe da ita, ka ƙara da ta mutum biyu da ba za su rasa inda kake ba, kuma idan ka tashi daga gari ka sanar.

Mataki na huɗu: shawara da gida tun kafin a kira

Ranar da ka yi rajista ita ce ranar da ya kamata iyaye su ji, ko miji, ko mata, ba ranar da aka kira ba. A gidan maƙwabcin nan namu, da gwaji ya nuna ƙanen ne ya dace, mahaifiyarsu ta kama hannunsa ta ce: “Ɗaya yana kwance, yanzu kuma za a zuƙe wa wannan laka ya gurgunce?” Yaron ya durƙusa ya ce: “Inna, ki yi haƙuri mu je tare ki ji daga bakin likita.” Tsoronta ba wauta ba ce, domin a bakin mutane laka da ɓargo sun cakuɗe. Laka ita ce igiyar jijiyoyi da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta cikin gadon baya, kuma ba a zuwa kusa da ita ko kaɗan. Sai da likitan ya sa ta ɗora hannunta a bayan ƙugunta, ta taɓa tudun ƙashin nan biyu da ke dama da hagu, ya ce daga nan ake ɗiba, sannan hankalinta ya kwanta. Haka nan ba da ɓargo ba ya taɓa haihuwa ko ƙarfin namiji, kuma ba kamar ƙoda ba ne da idan an cire ta tafi ke nan. Jiki yana mayar da abin da aka ɗiba cikin mako 4 zuwa 6.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar abin da jiki yake sabuntawa, kamar jini da fata, daga wani mutum zuwa wani, da sharaɗin amincewar mai bayarwa, ta kuma hana sayarwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta haramta cinikin sassan jiki. Don haka duk wanda ya zo maka da maganar farashi, dillali ne, ka guje shi. Abin da ya halatta shi ne a ɗauke maka kuɗin mota da masauki da gwaje-gwaje.

Mataki na biyar: binciken ƙarshe da ɗaukar alkawari

Idan an ce ka dace, za a sake gwajin don tabbatarwa, a auna jininka da hanta da ƙoda da zuciya, a nemi cututtukan da ake ɗauka ta jini, sannan a zauna da kai a yi maka bayani kafin ka sa hannu. Kana da 'yancin ka ce a'a, kuma ya kamata likita ya gan ka kai kaɗai, ba a gaban dangi ba, domin ka faɗi abin da ke ranka. Amma akwai lokacin faɗin a'a. Kimanin mako guda kafin ranar dashe ake fara ba mara lafiya magunguna masu ƙarfi, wani lokaci har da gashi da haske mai ƙona ƙwayoyin ciwo, waɗanda suke shafe ɓargonsa. Daga wannan rana ba shi da abin da zai yi jini da shi sai naka. Wanda ya janye bayan an fara wannan, kusan ya yanke wa mara lafiyan hukuncin mutuwa ne. Idan kana da shakka, ko jarrabawa a gabanka, ko tafiyar Hajji ko Umara, ko kana son a kauce wa watan azumi, ka faɗa kafin a tsayar da rana.

A makonnin nan lafiyarka ta zama amana. Ka kwana cikin gidan sauro, domin zazzaɓi yana iya ɗage aikin a lokacin da ba a son ɗagewa, ka rage hawan babur da tafiyar dare, kada kuma ka sha asfirin ko makamancinsa sai da izinin likita.

Mataki na shida: ranar bayarwa

Hanya biyu ce, kuma likitan mara lafiya ne yake faɗin wadda ta fi dacewa, kai kuma ka amince ko ka ƙi. Wadda aka fi bi a yau, kusan 9 cikin 10 a wasu kundaye, ba ta da tiyata. Za a yi maka allurar wani magani mai suna filgirastim a ƙarƙashin fata tsawon kwana 4 zuwa 5, wanda yake sa iyayen jini su yawaita su fito daga ɓargo su shiga jijiya. A kwanakin nan yawancin mutane sukan ji ciwon ƙashi, musamman a baya da ƙugu, da ciwon kai da kasala kamar mura za ta kama su, kuma duk yakan wuce kwana kaɗan bayan an daina allurar. A rana ta biyar za ka kishingiɗa a kujera, a sa maka allura a kowane hannu. Jini yana fita ta ɗaya, ya ratsa wata na'ura da take tace ƙwayoyin da ake so, sauran ya dawo maka ta ɗayan. Aikin yakan ci awa 4 zuwa 6, wani lokaci a ƙara da washegari. Idan ka ji leɓɓanka ko yatsunka kamar kiyashi na bin su, ka gaya wa ma'aikaciyar jinya. Maganin hana daskarewar jini ne yake rage sinadarin kalsiyam, kuma nan take ake gyarawa. Abin da aka tara a ƙarshe jaka ɗaya ce ƙarama.

Hanya ta biyu ita ce ɗiba daga ƙashi, wadda aka fi zaɓa idan mara lafiyan yaro ne ko kuma mai bayarwan ne yaro. Za ka kwana ba ci ba sha, a sa ka barci a ɗakin tiyata, a kifa ka, a soka allura mai rami a bayan ƙashin ƙugu a zuƙo ɓargon. Ba a yin babban yanka, ba a ɗinki, kuma ba ka jin komai sai ka farka. Yawan abin da ake ɗiba ya danganta da nauyinka da na mara lafiya, a wajen baligi yakan kai lita ɗaya ko fiye kaɗan, cikin awa ɗaya zuwa biyu. Bayan haka za ka ji kamar ka faɗi da ƙugu a kan daɓe, tafiya da ruku'u da sujada su yi maka nauyi na kwanaki, mai aikin ofis ya koma cikin mako guda, mai noma ko dako ya ƙara haƙuri. Haɗarin da ke ciki yawanci na maganin barci ne, kuma mummunar matsala ba kasafai take faruwa ga mai lafiya ba, amma ba daidai ba ne a ce maka babu haɗari kwata-kwata.

Shi mara lafiya ba a fasa masa ƙashi. Ana rataya jakar ne kamar ƙarin jini, ƙwayoyin su bi jijiya su nemi hanyarsu zuwa cikin ƙashi da kansu. Cikin mako 2 zuwa 4 ake sa ran su fara haifar sabon jini, kuma idan rukunin jininku ya bambanta, a hankali nasa zai koma irin naka.

Bayan an gama

Ka ci abinci mai gina jini, hanta da wake da zogale da nama, ka sha ruwa sosai, ka kuma je duk ranar da aka sa maka ta dubawa. Idan wurin allurar ya kumbura, ko zazzaɓi ya taso, ko ka ji ciwo mai tsanani a hagun cikinka ta sama, ka koma asibiti ba tare da jira ba. Idan baƙo ka ba, ba za a faɗa maka sunansa ba. Wasu ƙasashe suna barin ku san juna bayan shekara ɗaya ko biyu idan kun amince, wasu ba sa bari sam.

Ya kamata kuma a faɗa wa mai bayarwa gaskiya tun farko, cewa dashe ba tabbacin warkewa ba ne. Wani lokaci sabuwar garkuwar takan ɗauki jikin mara lafiyan a matsayin baƙo, ta far wa fata da hanji da hanta. Wani lokaci cuta ta shiga kafin ɓargon ya kama, ko sankarar ta dawo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake laifin wanda ya bayar, kuma wajibi ne manyan gida su tsare shi daga maganganu irin na “jininsa ne bai karɓe shi ba”, musamman idan yaro ne ko 'yan uba ne. Akan kuma dawo wa mai bayarwa bayan watanni a nemi ƙarin fararen ƙwayoyin jini don a danne ciwon, don haka kada ya yi nisa da waya.

Sauran 'yan'uwa da gwaji bai zaɓa ba, akwai aikinsu. Mai sankarar jini yakan sha ƙarin jini da na ƙwayoyin daskarewa sau da yawa a tsawon jinyarsa, kuma neman leda ɗaya da tsakar dare yana cikin abin da ya fi wahalar da masu jinya a asibitocinmu. Wanda ake tunanin zai ba da ɓargo, da sauran dangi na kusa, kada su ba mara lafiyan jini kafin dashe sai likita ya ce, domin hakan yana iya sa jikinsa ya ƙi ɓargon daga baya. Abokai da maƙwabta da 'yan masallaci su ne suka fi dacewa da wannan. A rubuta sunayensu da rukunin jininsu da lambobinsu a takarda ɗaya, a damƙa wa mai jinya, a kuma riƙa lura da kwanan wata, domin namiji yakan bayar duk bayan wata 3, mace kuwa duk bayan wata 4.